Yadda Na Sa Jirgi a Ruwa Na Shiga Fataucin Kifi a Ƙasar Yauri

Fataucin kifi a ƙasar Yauri kashi biyu ne. Akwai wanda ke zaune a kasuwar Yelwa yana jiran a sauke kwalaye ya taya. Akwai kuma wanda ke bin tungaye ta cikin ruwa, ya sayi ɗanye a hannun masunta, ya kyafe shi, sannan ya kawo kasuwa. Na farko jari yake buƙata da iya ciniki. Na biyu sai da jirgi, da inji, da yardar masu ruwa, da masuntan da za su amince su riƙa ajiye masa kamunsu. Na biyun na bi, don shi na tashi na ga kawuna yana yi, kuma da ƙarfinsa ya fara ja baya duk 'ya'yansa sun riga sun kama wasu sana'o'in, wani kabu-kabu, wani haƙar zinariya. Samari kan tare ni a bakin ruwa suna tambayar ta ina ake farawa, shi ya sa na ga ya dace in zayyana yadda ta kasance da ni.

Kafin a yi maganar katako, sai mutum ya san ruwan da zai shiga. Ruwanmu Kogin Kwara ne da aka datse. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya yi baya ya zama tabki mai tsawon kilomita sama da 130, ya cinye tsibirai da gonaki da tsoffin garuruwa, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. A lokacin ne Gungawa da yawa suka bar gungunansu, wato tsibiransu, suka hau tudu. Kan tabkin na arewa yana cikin Kebbi, wajen Yauri da Ngaski, sauran kuma cikin jihar Neja. Itatuwan da ruwan ya ci ba duka aka sare ba. Kututturansu na nan a ƙasa har yau, kuma idan ruwa ya ja da bazara sukan kusanto sama inda ido ba ya ganinsu. Duk shawarar da kafinta ya ba ni a kan waɗannan kututture ta tsaya.

Kawu ne ya kai ni wurin kafintan, wani dattijo mai rumfa daf da gaɓa, wanda ya haɗa wa Kawu jirginsa na ƙarshe. Bai tambayi ƙarfin aljihuna ba. Ya ce, "Ɗana, me za ka ɗauka, kuma ina za ka?" Na ce, "Baba, kifi ne, ɗanye da kyafaffe, da itace, da buhunan gero idan zan shiga tunga." Ya ce to jirgin fasinja daban, na kamun kifi daban, na fatauci daban, nawa yana son faɗin ciki fiye da tsawo, da gindi mai kauri wanda ko ya hau kututture ba zai tsage nan take ba. Babu zane a takarda. Da sanda ya ja layi a rairayi, ya auna da ƙafa, ya ce in shiga ciki in gani ko kwali zai zauna biyu-biyu a jere. Muka yi ciniki a gaban Kawu, na ba da kafin alƙalami, aka tsayar cewa katako da ƙusa daga gare ni, aiki daga gare shi.

A da madaci ake nema, ko a sassaƙe gungume guda a fitar da kwale-kwale. Yanzu madacin da zai ba da faffaɗan katako ya yi wuya a ƙasarmu, yawancin katakon motoci ke kawo shi daga kudu. Baba da kansa ya bi ni wurin masu sayarwa. Yakan ɗaga katako ya ƙwanƙwasa da bayan guduma ya saurara, ya karkata shi ga rana yana neman tsaga ko ƙulli, kuma abin da ya ƙi ya fi abin da ya karɓa yawa.

Inda na fi zama ina kallo shi ne wurin liƙe jirgi. Bayan an shimfiɗa gindi, an kafa haƙarƙari, an lanƙwaso katakon gefe an buga, ko'ina akwai siririyar kafa tsakanin katako da katako. Yaran Baba sukan murza auduga da tsumma su zama igiya, su tura ta cikin kafar da kurfi da guduma, kaɗan-kaɗan, daga goshin jirgi har gindinsa. Sai a narka kwalta a cikin tsohon gwangwani a bi sahun da ita tun tana tafasa. Daga nan a yanko kwano siri-siri a rufe layin, a bi shi da ƙananan ƙusoshi a jere, tazararsu ba ta kai yatsa biyu ba. Duk ƙusar da ta ɓulla ta ciki sai an lanƙwashe bakinta an mayar cikin katako, don kada ta yagi ƙafar mutum ko buhu. Baba yakan bi da tafin hannu yana shafawa, idan ya ji inda kwano ya ɗaga sai ya kira yaron da ya buga ya sa shi ya cire ya sake. Wani yaro ya taɓa cewa ai wannan wurin sama da ruwa yake. Baba ya ce, "Sama da ruwa yake yau da jirgin ba kaya."

Ranar turawa aka raba goro da ƙosai sadaka, liman ya yi addu'a, samari suka taru suka tura. Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa, hankalina ya tashi. Baba ya ce in kwantar da shi, sabon jirgi sai katako ya sha ruwa ya kumbura kafin ya rufe bakinsa. Muka bar shi a ɗaure a gaɓa, ina zuwa safe da yamma ina kwarfewa da yankakken galan, har yoyon ya tsaya.

Inji ba shi da dogon labari. Yamaha na saya na hannu, mai ƙarfin doki 15, bayan makaniken bakin ruwa ya kwance shi a gabana ya duba. Abin da zan gaya wa mai shirin shiga shi ne ya yi lissafin mai kafin na inji. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai ne ke cin kaso mafi girma a kowace fita, ga man da ake haɗa shi da shi. Filafili da doguwar sanda kuma kada su bar cikin jirgi, don farfela takan naɗe kainuwa ko tsohon taru ta tsaya cak a tsakiyar ruwa.

Da jirgi ya samu, na ɗauka sai tafiya. Kawu ya ce, "Ruwa da masu shi." Muka sayi goro muka nufi gidan Sarkin Ruwan yankin da nake son bi. Muka tuɓe takalma a ƙofar zaure, muka durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani." Kawu ne ya yi bayani, ni ina sauraro, don ba a shiga gaban manya da bakin kai alhali ga wanda ya kawo ka. Sarkin Ruwa ya tambayi tungayen da nake so, sannan ya lissafo fataken da suka riga ni a kowace, da masuntan da ke ƙarƙashin kowane. Duk a ka yake riƙe da su. Ya ware mini wata tunga da uban gidansu ya rasu ba a samu mai maye gurbinsa ba.

Sai ya ɗora mini sharuɗɗa a gaban mutanen da ke zauren. Kada in sayi kifi a hannun masuncin da bashin wani ke kansa, ko da ya kawo mini har cikin jirgi, ko da da araha. Kada in karɓi kifin da aka kashe da guba. Ya ce ana gane shi, cikinsa kan yi laushi da wuri, ƙuda ma ba ya son sa. Idan na ga jirgi cikin wahala in tsaya, ko kayana za su lalace. Idan rigima ta haɗa ni da wani a ruwa, zaurensa zan fara kawowa. Wanda bai san wannan sarauta ba zai iya ɗauka ta kwalliya ce, ta fitowa ranar bikin Rigata a Yauri a yi tseren jirage a watse. Aikinta na kullum ne. Shi ake tasa da tsakar dare idan wani ya nitse, shi ke tura gwanayen nutso, shi ke raba gardama idan tarun wani ya hau na wani, shi ake kai wa ƙara idan dorina ta addabi masu noman gaɓa.

Bayan nan na bi ta hannun hukuma. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana da ofishi a Yauri, ita ke da rajistar jirage da dokokin tafiya: ba tafiyar dare, ba lodin da ya wuce kima, kowa da rigar ruwa. Sashen kula da kifi na jiha kuma shi ke da lasisin kamun kifi. Tsarin lasisin a wannan tabki ya yi ƙarfi ne a shekarun 1990, lokacin wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus wanda ya yi aiki tare da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa, kuma da sarakunan ruwa aka bi aka shawo kan masunta. A wannan zamanin ne aka haramta jan dala, wato dogon taru mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa, aka kuma ƙayyade cewa idon tarun kafawa kada ya gaza inci 3. Na karɓi takarduna na sa su cikin leda na ɗaure.

Rigar ruwa kuwa ban jira a ba ni kyauta ba, duk da HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ake samar da lantarki daga madatsun ruwa, takan raba a garuruwan bakin ruwa. Duk ɗan wannan ƙasa yana tuna ranar 26 ga Mayun 2021, da wani jirgi mai ɗauke da mutane sama da 150 ya tashi daga Lokon Minna ya dare a ruwa kusa da Wara, kaɗan aka ceto da rai. Har yanzu akwai masu ganin sa rigar kamar rashin tawakkali ne ko rashin iya iyo. Yaron da ke riƙe mini inji ɗan ruwa ne tun yana rarrafe, amma na gaya masa ba zai taka jirgina ba sai da ita a jikinsa, don wanda katako ya buga wa kai ba ya iyo.

Tungar da aka ba ni bukkoki ne na kara da ciyawa a kan wani tudun rairayi, waɗanda ake matsar da su gaba ko baya yadda ruwa ya yi. Akwai Sarkawa, akwai Gungawa, akwai Kabawan da kakanninsu suka gangaro daga wajen Argungu, da Zabarmawa kaɗan, duk da Hausa ake ciniki. Babu asibiti, babu makarantar boko, ruwan sha shi ne na tabki. Masallacinsu zana ce aka kewaye. Rayuwarsu tana bin cika biyu da ruwan ke yi a shekara: farin ruwa, mai laka, wanda damunarmu ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso mana cikin sanyin hunturu ya riga ya tace. Idan ruwa ya hau ciyawa kifi kan shiga ya yi ƙwai. Idan ya ja da bazara sai a bi danshin da shuka.

A nan ne na gane nauyin da ke kan ɗan fatauci. Masunci ba ya da kuɗin sabon taru a dunƙule. Uban gida ne ke sayo masa taru da igiya da dalma da ƙugiyoyin mamari, shi kuma ya riƙa kawo masa kamu a farashin da suka shirya, ana cire bashin a hankali. Ke nan wanda ya je kanti ya sayo tarun shi ne ya yanke girman idonsa, ba wanda ya kafa shi a ruwa ba. Idan an kama masunci da haramtaccen taru shi ake ƙwace wa, shi ake ci tara, amma kuɗin da ya sayo shi yana kan tudu.

Da muka zauna a gindin wata bishiya, babbansu ya ce taru mai yatsa biyu suke so. Masunci da yatsa yake auna ido, yawan yatsun da suka shige rami ɗaya. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, mai yatsa huɗu zan iya kawowa." Wurin ya yi tsit. Sai ya sa aka kawo kwandon kamun safiyar, ya juye a gabana: 'yan karfasa da ba su kai tafin hannu ba, da ƙananan kurungu, da wata 'yar giwar ruwa da tsawonta bai wuce taƙi ba, kifin da idan an bar shi yakan kai nauyin mutum. Ya ce, "Ɗana, ka ga abin da ruwa ke bayarwa yanzu. Lokacin ubana falia kaɗai takan cika jirgi kafin hantsi. In na kafa mai yatsa huɗu na tashi da kifi uku, me yara za su ci? In na bar wannan ƙaramin, na gaba da ni ba zai bar shi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da amsar da za ta cika cikin yaro. Da dare ma ana jin masu dala suna ja a ɓoye saboda warangi, 'yan kifin nan da ake shanyawa a sayar wa masu miya da masu haɗa abincin kaji, kuma idon dala ba ya barin ɗan kowane kifi. Amma na ga 'yar giwar ruwan nan a ƙasa, na san idan na sayo mai yatsa biyu da kuɗina aka kashe ta. Abin da na iya yi shi ne in ɗauki wani ɓangare na asarar. Na ce zan tsawaita lokacin biya, ba zan cire komai ba a makonnin da ruwa ya yi rowa, zan kuma riƙa shigo da gero da gishiri da man ja a farashin Yelwa ba ƙari. Babban kifi kuma zan saye shi da daraja, don shi fataken kudu ke rububi. Suka ce za su yi shawara. Wasu suka karɓa, aka maimaita sharuɗɗan a gaban shaidu aka yi fatiha. Wani magidanci ya ce shi ba zai iya ba, ya koma hannun wani uban gidan, kuma har yau muna gaisawa da mutunci.

Banda, wato kyafe kifi, aikin mata ne, kuma Inna, matar Kawu, ita ta shigo tunga ta tsaya mini a kai tare da matan masuntan, ana biyansu ladan aikinsu. Kifi ba ya jira. Da an sauke shi ake fara fasa ciki da wankewa. Tarwaɗa da ramboshi akan lanƙwasa su a haɗa wutsiya da kai a soke da tsinke, su zama zagaye. Giwar ruwa da yauni da bargi akan yanka su gunduwa-gunduwa. Murhun na laka ne, da ragar waya a sama. Wutar farko mai ƙarfi ce don kifin ya dahu ya zubar da ruwa, sai a janye itace a bar garwashi da hayaƙi, a rufe da tsohon kwano. Inna takan tashi cikin dare ta juya su ɗaya bayan ɗaya da hannu, idonta na zubar da hawaye saboda hayaƙi. Idan tana son sanin ko ya yi, sai ta ɗauki guda ta matsa wajen kai, inda ruwa ke ɓuya, ta kai hanci. Ta ce, "Wanda ya bushe a baya ya bar danshi a ciki, kafin ya isa Anaca ya zama gari." Itacen ƙirya da marke ta fi so saboda garwashinsu na daɗewa, sai dai itace ma yanzu da nisa ake samo shi, kuma kuɗinsa na shiga cikin lissafi.

Abokin gaban kyafaffen kifi ƙwaro ne, wanda ke shiga ya cinye tsoka ya bar ƙaya da fata. Wasu kan yayyafa fiya-fiya a kwali don su huta. Wannan kifin miyar wani gida zai shiga, yara su ci. Inna ta ce maganin ƙwaro wuta ce: duk kifin da ya kwana biyu a ajiye a mayar da shi kan raga ya sake shan zafi kafin a ɗaure. Yana cin itace, yana rage nauyi, amma haka muke yi.

A kasuwar Yelwa 'yan dako ke tarbar jirgi tun kafin a ɗaure shi. Ba ka sayarwa da kanka, sai ta hannun dillali, shi ke da rumfa, shi ya san fataken Anaca da Ibadan da Legas da na Kano, shi ke tsaya wa baƙo idan zai ɗauki kaya ya biya daga baya, a cire masa la'adarsa. Ya sa aka zazzage kwalayena a tabarma aka ware iri-iri, manya gefe guda, karyayyu gefe guda. Wata 'yar kasuwa daga kudu ta ɗauki gunduwar giwar ruwa ta karya ta duba cikinta, ta sansana, ta yi magana da dillali da Hausarta mai daɗi, ta ce idan haka kayana suke kullum a riƙa ajiye mata. Rabin kuɗin ta turo ta waya, na cira wurin mai POS, sauran sai da motarta ta isa. Daga cikin abin da na karɓa na ware na mai, na itace, na matan banda, na gero, sannan na koma tunga aka zauna aka yi lissafi da kowane masunci a gaban 'yan'uwansa, ina rubutawa a littafi, su kuma suna riƙe da nasu a ka, kuma bai taɓa saɓawa ba.

Ribar ba ta kai ta masu sayen kowane irin kamu ba, musamman a watannin da manyan kifi ke wuya. Wasu cikin masuntana sun gama biyan tarunsu, wasu da saura. Jirgin kuma da bazara zai koma rumfar Baba a sake bin sahunsa da kwalta. Kwanan baya wani saurayi daga tungar da ke gaba da tamu ya same ni yana son in saya masa taru. Na gaya masa girman idon da nake kawowa, na ce kuma sai mun je gaban Sarkin Ruwa an tabbatar babu bashin kowa a kansa. Ya ce zai yi shawara da mahaifinsa, ya ba ni amsa idan baƙin ruwa ya iso.